Kwana Goma Sha Biyun Uwar Fugma

Wata Juma'a ce cikin watan Safar, shekarar 1987, bayan an sauko daga masallaci, Baba ya shigo gida da wani baƙin kaset na bidiyo naɗe cikin jarida, yana ta murmushi shi kaɗai. Zafin Jidda a ranar ya kai inda bangon ɗaki ma gumi yake yi. Tsohuwar na'urar sanyaya ɗakinmu, wadda muke kira mukayyif, ƙara kawai take yi tana ɗigar da ruwa a bokiti, sanyi kuwa sai dai a ji labarinsa. Ina da shekara takwas, ina zaune a ƙasa ina tsince shinkafa a faranti. Baba ya tura kaset ɗin, talabijin ta yi 'yan layuka, sai ga wata ƙasa fara fat, ba gida, ba itace, ba ko tsinke, ƙanƙara ce tun daga gaban ido har inda sama ta sauka. A tsakiyar farin nan wani abu ya motsa. Sai da ya buɗe manyan idanu baƙaƙe wuluk na gane mai rai ne. Inna ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu ta ce, "Wannan kuma wane irin buhu ne mai ido?" Baba ya yi dariya har da tari, ya ce jariri ne, kwanansa biyu a duniya, mu jira mu ga uwarsa.

Baba a ɗakunan sanyi na tashar jiragen ruwa yake aiki, inda ake sauke daskararren nama da kaji. Ina jin shi kaɗai ne a unguwarmu yake fita da rigar sanyi mai kauri a rataye a kafaɗa cikin garin da mutane ke neman inuwa tun da hantsi, kuma yaran layi ba su taɓa gajiya da yi masa dariya ba. Wani kukun jirgi ne ya ba shi kaset ɗin, mutumin wata ƙasa mai sanyi da ya yi ƙuruciyarsa a bakin irin wannan teku. Sun yi kwana uku suna shan shayi tare, kukun yana yi masa bayani da guntun Larabci da hannuwa. Muryar da ke cikin kaset ɗin ba wanda ya san ko wane yare ce, don haka Baba yakan rage ta ya zama shi ne mai ba da labari. Larabawa suna ce wa dabbar fugma. Baba ya fara kiranta karen teku, Inna ta ce ba za a riƙa ambaton kare ana cin abinci a ɗakinta ba, shi ke nan sunan Larabcin ya zauna.

Gidanmu ɗakuna biyu ne a saman wani tsohon gini a bayan Bab Makka, mai tagogin katako da suka fi kakata tsufa. Goggo Hure, yayar Baba, tana ƙasa, ita da keken ɗinkinta da bakinta da ba ya hutawa. Aikina a gidan sananne ne. In motar ruwa ta shigo layi, ni ce mai bin sahu da jarka. Ni ce mai sayo tamis da safe, burodin nan mai faɗi da ake ciro shi daga tanderu, in rungumo shi a ƙirji yana ƙona ni in hau matakala da gudu. Ni ce mai kai wanki saman soro in shanya, in kuma kwashe kafin ƙurar la'asar. A saman soron nan muke carafke da 'ya'yan dabino, ni da 'yan matan maƙwabta, rabin magana Hausa rabi Larabci, muna leƙen masu tura kura da masu ƙwala kiran atamfa da turare a ƙasa. Sai kuma kyanwoyi. Duk wanda ya zauna a tsohuwar Jidda ya san kyanwoyinta, ramammu, masu yagaggen kunne, marasa kunya. Na layinmu sun kai takwas, kuma sun san ƙofar kowa.

Inna kuwa mutuniyar Damagaram ce, doguwa, mai ƙarancin magana. Ni ce 'yarta ta fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka kunya biyu ta hau kanta. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Baba yana ce mini Uwata, Goggo tana ce mini duk abin da ya zo bakinta, Inna kuwa "ke" ce kawai, in ta ji daɗina sosai ta ce "'yar nan". Ba ta ɗaukata a cinya a gaban mutane, ba ta yabona, in na faɗi na ƙuje gwiwa Goggo take turo ni wa. Na yi shekaru ina zaton ba ta damu da ni ba. Yaro ba ya lura da wanda ke ajiye masa ƙanzon shinkafa a bayan tukunya, shi dai ya ga wa ya yi masa dariya.

Kaset ɗin nan ya sha kallo. Cikin mako guda matan layi duk sun zo, wasu har sau biyu, suna ta salati suna cewa kallon ƙanƙarar ma yana rage zafi. Ni kam na haddace bayanin Baba. Ya ce abin da ke hana fugma mutuwa da sanyi kitse ne, mai kaurin yatsu uku ko huɗu a ƙarƙashin fata, ya naɗe ta tun daga wuya har wutsiya. Ba ta da fatar kunne, 'yar huda ce kawai. Hancinta a rufe yake da kansa, sai ta so shaƙar iska take buɗe shi, shi ya sa ruwa ba ya shiga. In ta nutse, zuciyarta takan rage bugawa, ta daɗe a ƙasa har mutum ya yi alwala ya yi salla ya sallame ba ta fito ba. Can ƙasa duhu ne, amma gashin bakinta yana jin motsin da kifi ya bari a ruwa, sai ta bi shi. A kan ƙanƙara jan ciki take yi, abin tausayi abin dariya, amma tana faɗawa ruwa sai ka rasa inda ta bi. Idanunta kullum a jiƙe, har Goggo ta ce wannan halitta baƙin ciki ya yi mata yawa. Baba ya ce ba kuka ba ne, hawayenta ne ba su da hanyar komawa ciki irin tamu. Akwai wata irin fugma ƙarama da ke kankare rami a ƙanƙara da farcenta don ta riƙa leƙowa ta numfasa, wata farar dabba ƙatuwa kuma ta zo ta kwanta a bakin ramin tana jira, shiru, ba ko motsi. Mu ma muka ƙirƙiro wasanmu, muna tsoma kai a duron ruwan gida muna ƙirga wa juna, har ranar da Goggo ta kama mu ta zane mu da igiyar awon ɗinkinta, ta ce ruwan da aka sha wahalar ɗebowa ba na wanke ƙwarƙwata ba ne.

Amma wurin da ya fi kama ni shi ne na uwa da ɗa. Uwar takan hauro daga ruwa ta tarar da jarirai birjik a kan ƙanƙara, duk farare, duk iri ɗaya, duk suna kuka. A nan Baba yakan ƙara murya mu ji, kukan kuwa sak na jaririn mutum. Sai ta bi ta kai hancinta kan hancin ɗaya ta shinshina. In ba nata ba ne ta ture shi ta wuce, in nata ne ta kwanta ta ba shi nono. Baba ya ce nonon ba irin na saniya ba ne, kauri gare shi, kusan rabinsa mai ne. Uwar ba ta cika cin komai ba a kwanakin nan, daga jikinta take kwasowa tana zuba masa. Kana kallo tana zubewa, shi yana kumbura, har ya kai ko juyawa sai da ƙyar. Kwana goma sha biyu ake yi haka, ko kusa da haka. Sai wata rana ta ja jiki zuwa bakin ƙanƙara, ta sulale cikin ruwa, ba ta ko waiwayo ba. Ɗan ya bi gefen yana kuka, yana leƙa ruwa. Na tambayi Baba yaushe za ta dawo, ya ce ba za ta dawo ba, ta gama nata. Inna ta yi tsaki ta ce, "Wannan ba uwa ba ce. Ko akuya ba ta yin haka." Ni kuwa tun daga ranar, da an zo wurin nan sai in tashi in haye soro. Ban taɓa tsayawa na ga abin da ya biyo baya ba.

Ba a yi wata guda ba wani baƙo ya kawo saƙo daga Damagaram. Kakata, mahaifiyar Inna, ta faɗi, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, kuma Inna ce kaɗai 'yarta mace. Duk wannan daga baya na sani. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne maganar takarda. Baba yana da iƙama, takardar zama, an kuma samu an saka sunana a cikinta, shi ya sa nake zuwa makaranta. Inna kuwa umra ta kawo ta tana budurwa ta zauna, ba ta da komai. In ta fita daga ƙasar, ta fita ke nan, ba dawowa. In kuma ta tafi da ni, makarantata da takardata sun tashi a banza. Manya suka yi ta ƙus-ƙus, da na shigo sai kowa ya kama maganar tsadar albasa. Suna zaton yaro ba shi da kunne.

Abin da na gani da idona shi ne abinci. Inna da ba ta taɓa damuwa da ko na ƙoshi ba, a zatona, sai ga ta tana tsare ni da safe da kwanon ma'asub, burodi da ayaba a kirɓe, an malala masa man shanu da zuma. Da rana shinkafa da cinyar kaza guda tawa ni kaɗai, abin da sai da salla. Da la'asar kunun gyaɗa mai kauri da ludayi ke tsayuwa a ciki. Ta cusa mini dabino a aljihun rigar makaranta, ta bi ni da kofin madara har bakin matakala. Kwana biyu na yi ina jin daɗi, ina cewa Allah ya sa haka ta ɗore. A rana ta uku na je ɗauko tsintsiya a bayan ƙofa, sai na ga babban akwatin ƙarfen Inna a buɗe, an jera zannuwanta a ciki, da carbi, da turare, da wata 'yar jarkar zamzam. Ina tsaye a wurin na ji Goggo daga madafa tana ce wa Inna, "Ki ƙara mata man, Mariya. Gara ki bar ta da jiki." Na tuna uwar fugma, na tuna ɗan da ya kumbura ya kasa juyawa, na gane abin da ake yi mini.

A kan matakala na zauna na yi tunanina, kuma har yau ina ganin ba laifin hankalina ba ne, lissafin daidai yake a wurin 'yar shekara takwas. Uwar fugma ba ta tafiya sai ɗanta ya yi ƙiba. To, in bai yi ƙiba ba fa? Dole ta zauna. Daga ranar na daina ci. Ba ƙi na yi a fili ba, na san Inna, ɗure za ta yi mini. Sai na ce ɗakin ya yi zafi, a soro nake son cin abincina. In haye da kwano, in leƙa ta bayan ginin inda ake zuba shara, in yi "mis, mis" sau biyu. Kyanwoyin layinmu ba su taɓa ganin arziki irin na kwanakin nan ba. Sun ci kaza, sun lashe man shanu, sun sha madara, har wani jan muzuru mai ido ɗaya ya koyi hawowa ya jira ni a bakin soro. Dabinon kuwa 'yan ajinmu suka raba. Ni dai in ɗan gutsuri tamis don kada in mutu, in sha ruwa, in shafa mai a baki, in sauko da kwano a suɗe. Inna ta duba kwanon ta ce, "Madalla da 'yar nan." Wannan madalla tana ci mini rai, don ban saba jinta ba, kuma na san ba ni na cancance ta ba.

Na samo gawayi ina jan layi a jikin tankin soro kowace safiya. Yunwa ba ƙaramar abu ba ce. Ƙamshin waken ful a bakin makaranta yakan sa idona ya kawo ruwa, rubutun allo ya riƙa rawa. Amma na daure, ina jiran layi na goma sha biyu da faɗuwar gaba. Ranar da ya cika na dawo daga makaranta a guje, na hau matakala bibbiyu, na tarar da Inna zaune tana yankan kuɓewa. Wallahi ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba. Kwana goma sha uku ya zo, tana nan. Sha huɗu, tana nan. Na tabbata dabarata ta ci. Har wani girman kai na riƙa ji, ni ce na riƙe uwata a Jidda da ƙarfin cikina, ba wanda ya sani. Ashe takardar fita ce ba a gama yi mata ba.

Ranar sha shida, muna tsaye a layin safe a farfajiyar makaranta, rana ta bugi ƙeyata, na ga tuta tana juyawa, sai na farka a ɗakin malamai ana shafa mini ruwa a fuska. Goggo ce ta zo ta ɗauke ni, don Inna ba ta zuwa inda za a tambayi takarda. A hanya ta kama damtsena ta tsaya cak, ta dube ni sama da ƙasa. Muna shiga layi sai ga jan muzurun nan ya taho yana rangaji, wuya ya yi kauri, ya zo yana goga jiki a ƙafata, sauran suna biye da shi. Maƙwabciyarmu da ke leƙe ta taga ta ce ai kullum tana ganin yarinyar nan tana yi wa kyanwoyi walima. Goggo ta riƙe baki ta ce, "La ilaha illallahu! Kazar da aka hana kai ce a wuyan wannan ɗan banzan?"

Na zaci duka zan sha. Inna ta bari har bayan la'asar, sannan ta kirɓa ma'asub, ta ɗauki kwanon da kanta ta ce in biyo ta soro. Ta ga layukan gawayi a jikin tanki, ta tsaya tana kallonsu. Muka zauna a inuwar wanki.

"Ke, me na yi miki?"

Na ce ba komai. Ta sake tambaya. Sai kuka ya ƙwace mini, na ce, "Ita ma sai da ya yi ƙiba ta tafi."

Ta daɗe ba ta gane ba. Da ta gane sai ta kawar da kai wajen teku. Can ta ce, "Ba ƙibarsa ce ta kore ta ba, lokacinta ne ya yi. Da ya sha da bai sha ba, tafiya za ta yi. Shi ya sa take ɗura masa. Na zage ta ranar nan, ban san komai ba." Ta gyara zama ta ce, "Ni ma uwa gare ni, tana can kwance tana tambaya ko na iso. Ranar Talata zan tafi, halas, magana ta ƙare, takarda ta fito. Abin da ya rage naki ne. Ko in tafi ina ganin ki a idona kamar sillen kara, ko in tafi da hankalina a kwance."

Ta miƙo kwanon, sai awarwaronta ya zame daga wuyan hannu har kusan gwiwar hannu. Wannan awarwaro da na sani, da sabulu ake cire shi. A lokacin na dube ta da kyau, na ga ƙasusuwan wuyanta, na tuna kwanakin nan duk ban ga ta zauna da kwano ba. Cinyar kazar da nake jefa wa muzuru rabonta ce. Na sa hannu na ci ma'asub ɗin nan ina kuka, majina da hawaye da zuma duk a haɗe, ita kuma tana zaune tana kallon kowace loma. Kwana huɗu suka rage mana, na ci duk abin da ta ba ni, har da abin da ba na so.

Ranar Talata da hantsi motar da za ta kai ta ta tsaya a bakin layi. Mata sun taru, ana ta yafe juna. Inna ta rungumi Goggo, ta rungumi maƙwabta, ta shafa kan 'ya'yan mutane tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina sai ta sunkuya kamar za ta gyara mini ɗankwali. Ta ɗan ja shi baya, ta sa hancinta a tsagar kitsona, ta ja numfashi mai tsawo, sau biyu. Ta mayar da ɗankwalin ta ɗaure. Ta ce, "Ki riƙa cin abinci." Ta shiga mota. Ban bi motar ba, ban yi ihu ba, na hau soro na zauna kusa da tanki har aka kira azahar.

Sai da aka yi makonni kafin Baba ya sake saka kaset ɗin, mu biyu kawai. Da aka zo wurin na miƙe, ya kama gefen rigata ya ce, "Zauna, Uwata, ba ki taɓa ganin ƙarshen ba." Na zauna dole. Ɗan ya yi kwanaki yana kuka, daga baya ya yi shiru. Ya kwanta a wuri ɗaya ba ci ba sha, kitsen da uwar ta bar masa ne ke riƙe da shi. Farin gashin ya fara zuba ɓara-ɓara, ya yi muni, wani mai toka-toka da ɗigon baƙi ya fito. Ya rame sosai. Sai wata rana ya faɗa ruwa a gefen ƙanƙara yana ta fantsama, ba kyan gani, ya fito, ya koma, ya fito. Can sai ya rufe hanci ya nutse, aka nuno shi daga ƙasa yana tafiya sumul. Ba wanda ya koya masa. Kusa da ƙarshe aka nuno wasu na can ɗaya ƙarshen duniya, manya, masu kankare ramin numfashi da haƙora har haƙoran su cinye. Su uwar takan yi makonni da ɗanta, ta shiga ruwa ta leƙo ta rami tana kiransa har ya biyo ta. Haushi ya kama ni, na ce me ya sa waccan ba ta yi haka ba. Baba ya ce ƙanƙararsu ce ba ɗaya ba. Ta waɗannan a manne take da ƙasa, ba ta zuwa ko'ina. Ta farkon kuwa yawo take a kan teku, tana iya tsagewa kowane lokaci, dole uwar ta yi sauri. Ya faɗi haka yana kallon talabijin, bai dube ni ba.

Kakata ta yi shekara uku tana jinya a hannun Inna kafin ta rasu. Hanyar dawowa kuwa ba ta buɗe ba. Goggo ce ta ƙarasa rainona, da faɗanta da komai, Allah ya saka mata. Duk shekara alhazai sukan kawo mana kaset na murya daga Damagaram. Inna ta gaida Baba, ta gaida Goggo, ta gaida matan layi, ta ba da labarin damina da wanda ya rasu da wanda ya haihu. Ni ba ta yi mini magana kai tsaye, sai can ƙarshe ta ce, "Hure, 'yar nan tana ci kuwa?" Nakan mayar da wurin baya in yi ta ji har zaren ya fara ja.

Sai a 1999 na taka Damagaram, ina da aure, da goyo a baya. Yanar ido ta rufe idanun Inna, inuwa kawai take gani. Matan gidan, da son wasa, suka hana ni magana, suka jera mu mu huɗu a gabanta suka ce ta fitar da tata. Ta ce su daina shashanci, amma ta miƙa hannu. Ta jawo ta farko ta shinshina kanta ta sake ta. Ta biyu ma haka. Da ta jawo ni ta sa hanci a goshina, sai ta tsaya. Ta ƙara ja. Ta ce, "Ke ce." Sannan ta laluba damtsena ta matsa, ni da a lokacin ƙofar ɗakinta sai na karkace nake shiga, ta ce, "Hure ba ta ba ki abinci ne?" Gidan ya kwashe da dariya, ni kaɗai nake kuka. Wata biyu na yi a wurinta, kullum da kwanon fura a gabana. Ta rasu bayan shekara bakwai, ba ta taɓa kiran sunana ba.

Yanzu muna zaune wajen Khumra, a gefen Jidda, cikin rumbunan kaya da ƙarar manyan motoci. Kaset ɗin fugma laima ta cinye shi tun tuni, Baba ma ya riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yana suna ganin fugma a waya duk lokacin da suka so, da Larabci tas, kuma in suka yi kewar wani a Nijar sai su kira shi su ji muryarsa a take, ba jiran alhazai. Hausarsu ma ji ya fi faɗi. Kwanan baya ƙaramarsu ta nuna mini wani labari, wai ƙanƙarar can tana narkewa da wuri, jariran suna faɗawa ruwa tun ba su gama shan nono ba. Na ce ta kashe, ba na son gani. Wani lokaci nakan bi ta tsohon layinmu in na je sayen yadi a Bab Makka. Ginin yana nan, an rufe shi da katako, kyanwoyi kuma sun koma ramarsu ta gado. Nakan tsaya in dube su in tuna kwanukan nan da Inna ta cika mini da rabonta, kwana goma sha shida cur. Da na san abin da ke cikinsu, da ban bar wa muzurun nan ko loma ɗaya ba.